Yadda Ake Gina Kaskon Ciyayya na Yumɓu a Legas, Daga Haƙo Ƙasa Zuwa Zuba Tuwo

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga mutanenmu na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Obalende: yaya mutum zai gina wa gidansa babban kasko na yumɓu, irin wanda mutum biyar ko shida za su kewaye su sa hannu, tare da ƙaramin kaskon miya? Dalilin tambayar a fili yake. Kwanon roba yana zamewa a kan tabarma da zarar hannu uku sun shiga, na silba kuma kafin a kai rabi tuwon ya huce. Yumɓu yana da nauyin zama wuri ɗaya, yana kuma riƙe zafi har a gama hira.

Ba a buƙatar injin juya tukwane. Ku juya takardar naira 20 ku dubi Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane: da hannu ta fara, kuma manyan tulunan da suka sa duniya ta san ta da hannu ta gina su. Abin da ke karya masu koyo a Legas abu biyu ne, danshi da gishiri, kuma za ku ga suna leƙowa kusan a kowane mataki.

1. Lokaci, kayan aiki da kuɗi

Ku fara tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A watan Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, kasko kan yi wata guda bai bushe ba. Daga haƙo ƙasa zuwa cin tuwon farko ku ware mako biyar zuwa shida.

Kayan aiki yawancinsu suna gida: bokiti biyu, ragar taga ta sauro, tsohon buhu ko zane mai kauri, faffaɗan katako, muciya ko kwalba don murzawa, wuƙa, cokali mai yatsu, soso, zaren kamun kifi don yanka yumɓu, dutse mai santsi ko bayan cokali, leda babba, da baho mai faɗin santimita 39 zuwa 40 wanda zai zama uwar gini.

Kuɗin yana tafiya ne a wuri uku: ɗauko ƙasa, itace, da ladan mai tanderun gasa yumɓu idan can za ku kai. Na ƙarshen shi ne mafi tsada, don haka ku haɗu mutum uku ko huɗu ku cika tanderu ɗaya ku raba kuɗin. Kuma ku gina kasko uku idan biyu kuke so. Wuta tana da rabonta, musamman a hannun sabon maginin.

2. Nemo yumɓu da gwada shi

Ku tambayi masu haƙa rijiya da masu tonon harsashin gini a wajen Ikorodu, Agege ko Sango Ota. Ƙasar da suke fitarwa daga zurfin da ya wuce mita ɗaya, mai danƙo, ja ko mai ruwan toka, ita ake nema. Ta sama cike take da saiwoyi da shara. Ku ɗauko kamar kilo 15, domin bayan tacewa abin da zai rage bai fi kilo 10 zuwa 12 ba.

Gargaɗi: kada ku ɗebi laka a bakin lagun ko bakin teku, komai kyan danƙonta. Gishirin da ke cikinta yana fitowa fari-fari a jikin kasko bayan gashi, ya riƙa cin fuskarsa. Laka ta bakin kwata da ta kusa da masana'antu kuwa ba abin da za a sa wa abinci ba ce.

Kafin ku biya kuɗin mota, ku gwada ɗan kaɗan. Ku jiƙa shi ku murza kamar kaurin yatsa, ku naɗe shi a yatsanku. Idan ya naɗu da 'yar tsaga kaɗan, ya yi. Idan ya karye, yashi ya yi masa yawa. Sai ku duba ko akwai farare-fararen ƙwayoyi, ku ɗiga musu ruwan khal. In suka yi kumfa, ɓawon katantanwa ne ko ƙumba ko farar ƙasa. Waɗannan su ne mugayen baƙi: wuta tana mayar da su wani abu mai shan danshin iska, bayan kwanaki ya kumbura ya ɓalle gefen kaskon da kuka gama murna da shi. Tacewa mai kyau ce maganinsu.

Gwaji na uku shi ne na ƙanƙancewa. Ku yi ɗan allo na yumɓu, ku ja layi mai tsawon santimita 10 daidai, ku ajiye ya bushe, daga baya ku gasa shi. Idan layin ya koma santimita 9, yumɓunku yana raguwa da kashi ɗaya cikin goma. Shi ya sa mai son kasko mai faɗin 35 yake gina na 39.

3. Jiƙawa da tacewa

Ku shanya ƙasar ta bushe ƙamas, ku farfasa ta kamar girman goro. Busasshen yumɓu ya fi ɗanye saurin narkewa a ruwa. Ku zuba a bokiti, ruwa ya sha kansa, ku bar shi kwana biyu zuwa uku ba tare da motsawa ba. Sannan ku dama ya zama kamar kunu, ku tace ta ragar sauro zuwa ɗaya bokitin. Ya kwana, ku tsiyaye ruwan sama. Idan kuna zargin gishiri, ku sake zuba ruwa mai kyau ku dama ku tsiyaye har sau biyu.

Ku shimfiɗa buhu a kan siminti a inuwa, ku zuba kunun da kaurin yatsa biyu. A Legas yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar kafin ya kai yadda za a naɗe shi ba ya manne wa hannu.

4. Garin tsingaro

Nan ne da yawa suke tsallakewa, nan ne kuma kasko yake samun ransa. Ku nemo fasasshiyar tukunya ko tulu ko tanda wadda ba ta da fenti, ku daka a turmin da ba na abinci ba, ku tankaɗe ya zama kamar tsakin masara ƙanana. Da tsohuwar zuma ake magani: wannan garin ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara raguwa, yana kuma buɗe wa tururi hanyar fita. Ga mudu huɗu na yumɓu ku sa mudu ɗaya. Idan a fili za ku gasa da itace, ku kai mudu ɗaya da rabi.

Gargaɗi: kada ku musanya shi da yashin teku, gishiri ne da ɓawo. Kuma ku sa takunkumi lokacin daka. Ƙurar yumɓu tana taruwa a huhu ba ta fita, don haka wurin aiki da jiƙaƙƙen tsumma ake goge shi, ba da tsintsiya ba.

Ku cuɗa kamar ƙullin burodi, kuna dannawa kuna naɗewa, na minti goma sha biyar. Ku yanka da zare ku duba: kada a ga rami, kada a ga wani sashe ya fi wani laushi. Ku ƙulle a leda ya yi mako guda. Yumɓun da ya daɗe a leda ya fi biyayya a hannu.

5. Siffar kasko: a auna da hannun masu ci

Kafin ku taɓa yumɓu, ku ƙirga hannuwan da za su shiga. Ladabin da muka taso da shi shi ne kowa ya ci gabansa, da dama, bayan bisimilla. To kasko shi ne zai ba kowa gaban nasa. Mutum biyar zuwa shida suna buƙatar faɗin santimita 35 bayan gashi. Zurfin kada ya wuce 10 ko 11. In ya zurfafa, yaro sai ya miƙe a kan gwiwa kafin ya kai hannu, babba kuma hannun rigarsa ya shiga miya. In ya yi shimfiɗe kamar faranti, tuwo ya huce da wuri, miya ta malale gaban wani.

Cikin ya zama mai gangare a hankali, ba kusurwa, yadda yatsu huɗu za su yanko loma su hau da ita bango ba tare da tuntuɓe ba. Gindi ya zama mai faɗi, aƙalla santimita 15, don kada ya tuntsure idan aka danna gefe guda. Baki kuma mai kauri, zagayayye, wanda faifai zai zauna a kansa daram idan an rufe wa wanda bai dawo daga kasuwa ba. Kaskon miya ya isa a faɗin 18 da zurfin 8.

Babban yana cin yumɓu kilo uku da rabi, ƙaramin kilo ɗaya.

6. Gini

Ku shimfiɗa zane a kan katako, ku murza kilo biyu da rabi na yumɓu ya zama faifai mai kaurin santimita ɗaya. Ku ajiye sanduna biyu masu wannan kauri a gefe da gefe, muciyar ta hau kansu, kaurin zai zo daidai ko'ina. Ku riƙa juya faifan kuna murzawa ta kowace fuska.

Hanya mafi sauƙi ga mai koyo ita ce cikin baho. Ku shimfiɗa siririn zane a ciki, ku ɗauki faifan yumɓun da zanensa ku kwantar, ku danna da jiƙaƙƙen soso daga tsakiya zuwa gefe har ya zauna. Kada ku ja shi, ku bar shi ya sauka da kansa. Inda aka ja, nan yake siranta, nan kuma yake tsagewa.

Masu ginin gargajiya a kan kifaffiyar tukunya suke ɗora yumɓu, bayan sun barbaɗa toka. Hanya ce mai kyau, amma tana da tarko: yumɓu yana raguwa yana matse uwar ginin, in aka bar shi ya wuce awa ɗaya ko biyu sai ya tsage daga baki. A cikin baho kuwa raguwar tana saki ne, shi ya sa ya fi yafiya.

Ragowar yumɓun ku murza igiyoyi masu kaurin babban yatsa. Ku karce bakin kaskon da cokali mai yatsu, ku shafa kunun yumɓu, ku ɗora igiya, ku shafe ta ciki da waje da babban yatsa har layin haɗin ya ɓace. Igiya ɗaya ko biyu ta isa ta ba da tsayi da kaurin baki.

Gargaɗi: ruwa da yawa yana sa yumɓu ya yi kyau a ido ya ruɓe a ciki. Hannu mai ɗan danshi ya wadatar. In kuka ga ruwa ya kwanta a tsakiyar kasko, ku tsane shi nan take, in ba haka ba gindin zai tsage bayan kwanaki.

Washegari, idan ya yi tauri kamar sabulun wanki, wanda farce zai shiga amma yatsa ba zai lotsa ba, ku kifa shi a kan katako. Ku karce da'ira a gindi, ku ɗora igiya ta zama ƙafa. Ku juyo shi ku zaunar a ƙasa mai laushi ku ɗan danna, ƙafar ta daidaita.

7. Ado da guga

Wannan taurin na sabulu shi ne lokacin ado, kuma ba ya daɗewa. A waje ku yi abin da ranku yake so: zanen dagi, layukan tsinke, ko ku murza busasshen totuwar masara ko tufkakkiyar igiya a jikinsa ta bar sawu. Wannan sawun yana da amfani bayan kyau, domin hannu mai maiƙo ba ya sulɓewa a kansa. Wasu suna rubuta sunan gida ko shekarar da aka gina a gindi. Sawun babban yatsa da ya rage a baki ba aibi ba ne, ku bar shi.

Ciki kuwa kada a zana komai. Duk wani rami maɓoyar miya ce. Ku dama jar ƙasa mai laushi ta yi ruwa-ruwa, ku shafa sau biyu, in ta sha iska ku goge da dutse mai santsi ko bayan cokali, kuna zagayawa kaɗan-kaɗan har ya yi sheƙi kamar an shafa mai. Babban kasko yana cin awa ɗaya ko fiye. Gugar tana danne ƙofofin yumɓu, ita ce ke sa tuwo ya saki bango a wanke cikin sauƙi.

8. Bushewa

Mafi yawan kaskon da ke fashewa a wuta, a nan aka kashe su. Ku ajiye a ɗaki mai iska, ba rana, ba gaban fanka. Kwana uku na farko ku lulluɓe da leda sako-sako. Baki yana riga gindi bushewa, bambancin nan ne yake haifar da tsaga, don haka ku naɗe bakin da siririn leda ku bar tsakiya a buɗe, daga baya ku kifa shi a kan sanduna iska ta shiga ta ƙasa.

A hunturu, lokacin da iskar arewa ta sauko a Disamba da Janairu, kwana goma zuwa mako biyu sun isa, sai dai a kula da saurin bushewa. Da damina ku ba shi mako uku zuwa huɗu. In baƙin fumfuna ya fito masa, kada ku damu, wuta za ta cinye shi.

Ga yadda ake ganewa. Ku manna gindin a kumatu: in kuka ji sanyi, akwai ruwa. Ko ku auna a sikeli kwana uku a jere, in nauyin ya daina sauka ya kai iyakar abin da iskar Legas za ta iya. Iyakar nan ba ta isa ba, shi ya sa mataki na gaba yake farawa da ɗumamawa.

9. Gashi a fili

Ku nemi fili nesa da gidaje, ba tsakar gidan haya ba. Hayaƙin yana da yawa, maƙwabta suna da haƙƙi, hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, kuma tana karɓar ƙorafin hayaƙi. Ku ajiye bokitan ruwa kusa, ku zaɓi yammacin da babu iska.

Ku hura gawayi, ku jera kaskon a gefensa kuna juyawa kuna matso da su a hankali na awa biyu, har su yi zafin da ba a iya riƙewa. Ruwa yana zama tururi a digiri 100, in ya rasa hanyar fita sai ya tarwatsa bango. Ƙarar da ake ji kamar harbi a farkon wuta, wannan ce.

Ku shimfiɗa busasshen itace, ku kifa kaskon a kai, ku rufe su da manyan tsingaro don harshen wuta kada ya dake su kai tsaye. Sai itace sirara a kewaye da sama, sai busasshiyar ciyawa. Ku kunna ta kowane gefe, ku riƙa ƙarawa na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bayan magariba ku leƙa: in kaskon ya yi ja kamar garwashi, ya haura digiri 600, ya tashi daga laka ya zama abin da ruwa ba zai narkar ba. Ku riƙe shi a haka na minti ashirin.

Gargaɗi: ba taya, ba roba, ba katako mai fenti, ba falankin da aka manna da gam. Kaskon yana shan abin da ya ƙone a kansa.

Mai son baƙin kasko irin launin akushi sai ya zaro shi da doguwar sanda yana da zafi, ya binne a dusar katako mai tsabta. Hayaƙin zai shige shi ya baƙanta. Mai son ja mai duhu ya yayyafa masa ruwan makuba ko na bagaruwa da tsintsiya yana zafi. Ana samun bagaruwa wurin masu kayan gargajiya a kasuwannin 'yan arewa. In ba ku saba ba, ku bar shi ya huce a cikin toka har safe.

Da safe ku ƙwanƙwasa da yatsa. Ƙara mai zaƙi, ya gasu. Ƙara kamar an bugi katako, ko bai gasu ba ko akwai tsaga.

10. Gashi a tanderu, ga mai son tangaran

Kaskon fili yana tsotsar ruwa da mai. Ya dace da tuwo, dambu, shinkafa, ɗanwake. Mai son na miya wanda ba ya tsotsa sai ya nemi tanderun gas ko na lantarki, a ɗakunan masu sana'ar tangaran ko wurin waɗanda suka karanci fannin a makarantu irin su Kwalejin Fasaha ta Yaba.

Gashi biyu ake yi. Na farko a digiri 950 zuwa 1000, a hankali, musamman wajen digiri 573 inda yashin cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya. Sai a shafa ruwan gilashi, wato haɗin da ke narkewa ya zama santsin tangaran, da kaurin katin cirar kuɗi, a goge ƙafar tas don kada ta manne, a sake gasawa. Idan tangaran kuke nufi tun farko, kada ku yi gugar mataki na 7 a ciki, ruwan gilashi ba ya kama wuri mai santsi.

Ku ba mai tanderu ɗan allon gwaji tukuna, ku gaya masa yumɓun haƙowa ne. Jan yumɓu yakan lanƙwashe ko ya narke a zafin da ake gasa farin tangaran, wato digiri 1200 zuwa sama, ya ɓata masa tanderu.

Gargaɗi mafi nauyi a wannan jagora: dalma. Wasu haɗe-haɗen ƙyalli masu arha da ita ake yin su, wasu ma daga tsohon batirin mota. Miya mai tsami, tumatir, yakuwa da tsamiya suna jawo ta cikin abinci, yara ne kuma take fara kamawa. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Ku sayi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba dalma kuma an yi shi don kwanon abinci. Fentin gida da man goge katako ba su da wuri a cikin kasko.

11. Horar da sabon kasko da kula da shi

Na tangaran wanki kawai yake so. Ku bar yankin lemon tsami a cikinsa ya kwana: in launin wurin ya canja, ku mayar da shi na ado. Haka in ya yi ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo.

Na fili kuwa sai an hore shi. Ku wanke toka, ku jiƙa shi a ruwa ya kwana, ya bushe. Ku zuba ruwan dafa shinkafa ko kunu mai zafi ya cika shi, ku bar shi ya huce, ku wanke. Sitacin yana toshe ƙofofin da guga ta bari. Sai ku shafa man gyaɗa kaɗan a ciki ku ajiye kusa da murhu ya sha. Sau biyu ko uku ya isa.

Kafin a kwashe tuwo, ku ɗauraye shi da ruwan ɗumi. Malmala mai zafi a kan kasko mai sanyi tana iya tsaga shi, kuma mai ɗumi ya fi riƙe zafi. Ku sa gammo ko faifai a ƙarƙashinsa idan a kan tayil za a ci. Wanki da ruwan zafi da soso, sabulu kaɗan ƙwarai, kuma kada a bar shi jiƙe a ruwan omo, zai sha ya mayar muku a tuwon gobe. Bayan wanki ku kifa shi a rana ya bushe sarai kafin ya shiga kabad, domin a danshin Legas kwana biyu sun isa ya yi fumfuna. In hakan ta faru, ku wanke da ruwan zafi, ku kifa shi a kan garwashi mara ƙarfi na rabin awa, ku sake shafa mai.